Na tsaya a layin madara a Bukarest: amsa ga ɗalibin da ya tambaye ni kan yunwa a mulkin gurguzu

Wani ɗalibi mai karanta kimiyyar siyasa ya aiko mini da tambaya. Ya ce: "Baba, a littattafanmu mun karanta cewa a ƙasashen kwaminisanci kowa na da aiki, gida da makaranta da asibiti duk kyauta ne. To ta yaya aka yi mutanen suka shiga yunwa har suka tayar wa gwamnatocinsu? Ko dai farfagandar Amurka ce kawai?"

Ɗana, tambayarka ta zo inda ya dace, domin ni ba a takarda kaɗai na san wannan al'amari ba. Na sauka a Romaniya a ƙarshen 1982 don karatun tattalin arziki, ban baro ta ba sai 1988, kuma tun da na dawo wannan fannin nake koyarwa. Saboda haka a kan Romaniya zan tsaya. Ka riƙe cewa ita ce ta fi kowace ƙasa a Gabashin Turai shan wuya a waɗancan shekaru, in ka cire Albaniya. Maƙwabciyarta Hungari ita ma a lokacin gurguzun take yi, amma kantunanta da nama da man shanu. Kada ka ɗauki abin da zan faɗa ka shafa wa kowa. Sai dai cutar da ta kwantar da Romaniya tana jikin dukansu, a Romaniya ne kawai ta fi fitowa fili.

Abin da ka karanta ba ƙarya ba ne. Na ga 'ya'yan manoma da suka zama likitoci da injiniyoyi ba tare da iyayensu sun biya ko sisi ba. Jahilci ya kusa ƙarewa, an gina dubban benaye an zuba mutane a ciki, kuɗin haya bai taka kara ya karya ba, kuma duk wanda ya gama makaranta gwamnati ce ke tura shi wurin aiki. Amma akwai bambanci tsakanin a ba ka albashi da ka sami abin da za ka saya da shi. Talaucin da muka sani a nan shi ne kasuwa cike da kaya, aljihu babu kuɗi. Na can kuwa kuɗin na aljihu, kantin ne fayau.

Bari in fara da yadda aka shiga ramin. Nikolae Caushesku ya hau mulki a 1965. A 1968, da Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye Cekoslobakiya, ya fito bainar jama'a ya yi tir da su. Wannan ya sa Turawan Yamma suka rungume shi. Shugaban Amurka Nixon ya ziyarci Bukarest, babban birnin ƙasar, a 1969, Romaniya ta shiga Asusun IMF da Bankin Duniya a 1972, a 1978 ma har Sarauniyar Ingila ta sauke shi a fadarta. Bankunan Yamma a lokacin sun cika da dalolin mai suna neman wanda za su ranta wa, shi kuma yana son ya mayar da ƙasar manoma ta zama ta manyan masana'antu cikin ƙiftawar ido. Sai ya yi ta ciyo bashi yana gina masana'antun ƙarfe da na sinadarai da matatun mai. Matatun nan an gina su ne su tace fiye da tan miliyan 30 a shekara, alhali rijiyoyin ƙasar, ko a shekarar da suka fi albarka, ba su kai tan miliyan 15 ba. Ragowar ɗanyen man daga waje ake sayowa da dala, mai yawa daga Iran. Da juyin juya halin Iran ya zo a 1979 farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, Amurka kuma ta ɗaga kuɗin ruwa, ga girgizar ƙasar watan Maris na 1977 da ta kashe mutum sama da 1,500 ta rushe wani sashe na Bukarest. Kayan da masana'antun ke fitarwa kuwa ba su da ingancin da za su yi kasuwa a Yamma. Zuwa 1981 bashin ya haura dala biliyan 10, ƙasar ta kasa biya a kan kari, ta nemi a ɗaga mata ƙafa.

Har zuwa nan labarin bai bambanta da na ƙasashe da yawa ba, har da tamu, wadda ita ma ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. Inda aka rabu shi ne hukuncin da mutum ɗaya ya yanke. Caushesku ya ji zafin yadda masu bin bashi ke gindaya masa sharuɗɗa, sai ya ƙudura cewa zai biya bashin kakaf, tun kafin wa'adinsa ya cika. Ba majalisar da za ta ce a dakata, ba jaridar da za ta tambayi ina za a samo kuɗin, ba ƙungiyar ƙwadago mai cin gashin kanta. Hanyar biyan kuwa ɗaya ce: duk abin da zai kawo dala a fitar da shi, duk abin da zai ci dala a daina shigo da shi. Nama mai kyau, man shanu, cuku, alkama, takalma, kayan katako, man fetur, duk suka kama hanyar waje. Abin da ya rage shi mutanen ƙasa za su ci.

A watan Oktoba na 1981 aka dawo da rabon burodi da ƙa'ida, aka kuma yi dokar da ta ce duk wanda ya sayi abincin da ya wuce bukatar gidansa ta wata guda ya yi laifin ɓoye kaya, yana iya shan ɗauri har na shekara biyar. Sukari da man girki sai da kati, wajen kilo ɗaya da lita ɗaya ga mutum a wata, a wasu gundumomi ma ƙasa da haka. A 1982 aka fito da wani shiri da aka kira cin abinci bisa kimiyya, inda aka shaida wa mutane cewa sun fiye ci, ƙiba ta yi musu yawa, ya kamata a rage. Na karanta wannan a jarida lokacin ina koyon harshen, kuma na ga fuskokin waɗanda ake faɗa wa haka.

Kalmar farko da na koya a titi, wadda ba a koya mana a aji ba, ita ce "se dă", wato "ana bayarwa". Ba wanda ke cewa ana sayar da kaji a kanti kaza, sai dai ana ba da kaji, kamar sadaka, alhali da kuɗinka za ka biya. Mutum ba ya fita gida sai da jakar leda ko ta raga a aljihu, domin bai san inda zai ci karo da layi ba. In ya ga layi sai ya fara shiga tukuna, sannan ya tambayi na gabansa me ake bayarwa. Sau da yawa na gaban ma bai sani ba, an dai ce mota za ta zo.

Akwai wani abokin karatuna ɗan ƙasar da nakan je gidansu jefi-jefi. Ko wannan ma da hatsari, don doka ta tilasta musu su kai rahoton duk hulɗar da suka yi da baƙo, kuma an hana baƙo kwana a gidan ɗan ƙasa. Kakarsa, tsohuwa mai shekara wajen saba'in, ita ce ke riƙe da cikin gidan, don iyayensa duk suna wurin aiki, ita kaɗai ke da lokacin tsayuwa a layi. Wata asuba a hunturun 1985 na bi su layin madara. Ƙarfe huɗu muka isa, amma mun tarar da jakunkuna da kwalabe jere a kan dusar ƙanƙara tun daga ƙofar kantin har kwanar titi, kowace jaka tana riƙe wa mai ita wuri, masu su sun raɓe a ƙarƙashin bene suna buga ƙafa a ƙasa don jini ya motsa. Tsohuwar ta zo da 'yar kujerarta mai naɗewa, ta nannaɗe ƙafafunta da takardar jarida a cikin takalmi. Ba mai magana da ƙarfi. Wajen ƙarfe shida mota ta sauke akwatuna, aka fara miƙa kwalba a karɓi kwalba. Saura mutum bakwai ko takwas a kai gare mu matar kantin ta ce ta ƙare. Tsohuwar ba ta ce uffan ba, ta naɗe kujerarta ta ce mu leƙa wajen mai nama ko an ji labarin wani abu. Ni ɗan Najeriya ne, na san layi, na kuma ji labarin layin kayan masarufi da aka yi a gida a 1984. Amma a gida in ka rasa a layin gwamnati kana iya shiga kasuwa ka saya da tsada. A can babu wata kasuwar da za ka koma, sai ta bayan fage, wadda shigarta laifi ne.

A kantin naman abin da aka fi samu shi ne ƙafafun alade, waɗanda mutane suka laƙaba wa suna "adidași", wato takalman Adidas, da fukafukai da ƙafafun kaji, da tsiran da aka cika da waken soya. Ni dai a matsayina na Musulmi ƙwai da kifin gwangwani da wake na fi nema, ƙwan ma sai an dace. Gahawa ta gaskiya ta ɓace, aka maye gurbinta da wani gari da aka haɗa da hatsi, suna ce masa "nechezol", daga kalmarsu ta haniniyar doki, domin a ganinsu abincin doki ne. Lemon zaƙi da ayaba sai wajen Kirsimeti, in an yi sa'a. Akwai yaran da suka yi wayo ba su san yadda ake ɓare ayaba ba.

Amma in ka tambayi duk wanda ya rayu a wancan zamani abin da ya fi tsaya masa a rai, zai ce maka sanyi. Mu a nan sanyin hunturu na 'yan makonni ne, ka hura wuta ka ji ɗumi. A can sanyi kan sauka ƙasa da sifili da digiri 15 ko 20, mutane kuma suna cikin benayen kankare waɗanda ɗuminsu daga tashar gwamnati yake zuwa ta bututu. In an rage daga can, ba ka da murhu, ba ka da itace. A hunturun 1984 zuwa 1985, wanda ya yi tsanani ƙwarai, na kwana da kwat da hula da safar hannu a ɗakin kwanan ɗalibai, numfashina na fita kamar hayaƙi. A gidan abokina duk iyalin a kicin suke taruwa. Gas ɗin girki da rana harshensa bai fi ƙwayar wake ba, sai tsakar dare yake ɗan tasowa, don haka mahaifiyarsa ƙarfe biyu na dare take tashi ta dafa abincin gobe, sannan da safe ta tafi masana'anta. Wasu sukan bar gas a kunne don su ji ɗumi, a ɗauke shi suna barci, a dawo da shi babu wuta, ya kashe su. Ana ɗauke lantarki kullum ba sanarwa, an ce kada a yi amfani da ƙwan fitila da ya wuce wat 40, talabijin daga 1985 ya koma awa biyu a rana, mafi yawansa yabon shugaba. Mai mota lita 30 yake samu a wata, ranar Lahadi motoci masu lambar mara da masu cika suna fita bi da bi, in dusar ƙanƙara ta sauka kuma a hana motocin gida fita gaba ɗaya.

Abin da ya fi ƙona mini rai a matsayina na mai nazarin tattalin arziki shi ne duk wannan azabar ba ta tsimin wani abin kirki. Wutar da gidajen jama'a ke sha ba ta kai kashi 10 cikin 100 na wutar ƙasar ba. Masu shanye ta su ne masana'antun nan na ƙarfe da alminiyom da sinadarai, waɗanda da yawansu in ka yi lissafi da farashin duniya, abin da suke ci ya fi abin da suke fitarwa daraja. A ƙasar da kasuwa ke aiki irin wannan masana'anta rufewa take yi, ko a gyara ta. A can ba ta rufuwa, domin asararta gwamnati ke cikewa. Masanin tattalin arziki ɗan Hungari, Yanosh Kornai, ya yi bayanin wannan tun 1980: kamfanin da ya san ba zai taɓa karyewa ba, ba ya ƙoshi da kayan aiki, yana ta tarawa yana ɓoyewa, shi ya sa ƙarancin kaya ke zama ɗabi'ar tsarin ba hatsarin da ya faɗo masa ba.

Ka lura da aikin da farashi ke yi a kasuwar Dawanau. In gero ya yi ƙaranci farashinsa ya tashi, mai saye ya rage, manomi ya ƙara shukawa, ɗan kasuwa ya ɗauko daga inda yake da araha. Ba wanda ya ba su umarni, farashin ne ya kai musu labari. A Romaniya ofis ne ke yanka farashi ya bar shi shekara da shekaru. Har ta kai burodi ya fi hatsin da aka yi shi da shi araha, mutanen ƙauye suka riƙa sayensa suna ba dabbobi. Maimakon a gyara farashin sai aka yi dokar hukunta mai ba dabba burodi, aka kuma hana mutum sayen burodi a garin da ba nan katin shaidarsa ya nuna ba. Manomin da ya noma alkamar ya shigo birni a hana shi burodi.

Noman kansa ka san labarin gandu da gayauna. An gama tattara gonaki a hannun ƙungiyoyin haɗin gwiwa a 1962, aka bar wa kowane gida ɗan fili kaɗan. Gandun na kowa ne, saboda haka ba na kowa ba ne: ladan aiki ƙanƙane, matasa sun gudu birni, duk kaka sai an kwashi ɗalibai da sojoji a kai su cire masara da dankali. 'Yar gayaunar nan kuwa, da ba ta kai komai ba a faɗi, ita ce ke fitar da kaso mai tsoka na ƙwai da madara da kayan lambu. Da abinci ya yi wuya, maimakon a saki manomi ya ƙara, sai aka ƙirga dabbobinsa, aka yanka masa abin da zai sayar wa gwamnati dole a farashinta, aka hana shi yanka maraƙinsa. Sai ya rage kiwon.

Sannan ga ƙarya, wadda a ganina ita ce uwar cutar. Shugaban gona ya san in ya faɗi gaskiyar abin da ya girbe zai rasa kujerarsa, sai ya ƙara. Na gunduma ya ƙara a kan nasa. Kafin lissafin ya isa Bukarest ya ninka. A 1989 an sanar da girbin hatsi tan miliyan 60, daga baya aka gano bai kai miliyan 20 ba. A kan lissafin bogin ake yanke abin da za a fitar waje. In shugaba zai ziyarci gari sai a cika kantunan da ke kan hanyarsa da kaya, a kawo shanu masu ƙiba daga wata gona, yana wucewa a kwashe. Mu ma a aji alƙaluman nan ake ba mu mu yi lissafi da su, malamin ya sani, mu ma mun sani, ba mai ɗaga ido. 'Yan sandan ciki, Sekuritate, suna da masu kai rahoto a ko'ina, har keken rubutu sai an yi masa rajista wurin 'yan sanda tun daga 1983. Gwamnatin da ta toshe bakin farashi ta kuma toshe bakin mutane ta rasa duk hanyar da za ta san halin da ƙasarta ke ciki.

Da kuɗin ƙasar, lei, ya daina sayen abu, sai mutane suka ƙirƙiro wani kuɗin: kwalin sigarin Kent. Ba sha ake yi ba, hannu da hannu yake yawo, wurin likita, wurin mai gyaran famfo, wurin matar kanti don ta ajiye maka nama a ƙarƙashin tebur. Mu ɗaliban waje muna da izinin riƙe dala da shiga kantunan da ake sayayya da ita, ɗan ƙasa kuwa in aka kama shi da dala gidan yari zai je. Ranar da za a yi wa mahaifin abokina tiyata, ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakina ya kasa magana. Na gane, na je na sayo Kent da gahawa na ba shi. Ba na zargin likitocin, su ma layin suke bi, kuma suna aiki ne a asibitin da babu magani, allura ɗaya a dafa a sake amfani da ita. Asibitin kyauta ne kamar yadda littafinka ya ce, amma ka ga abin da kyautar ta koma. Mata sun fi kowa ɗanɗanawa: dokar 1966 ta hana zubar da ciki don tilasta yawan haihuwa a ƙasar da babu madarar jarirai, mata kusan 10,000 suka mutu wajen zubar da ciki a ɓoye, kuma bayan faɗuwar gwamnatin aka tarar da yara wajen 100,000 a gidajen marayu, da yawansu iyayensu na raye, ciyar da su ne ya gagara.

Duk a cikin wannan hali, a 1984, aka aza harsashin ginin da ake kira Gidan Jama'a, mai ɗaki sama da 1,000. An rushe tsofaffin unguwanni da coci-coci, an tashi mutum wajen 40,000. Ina wucewa ta wajen da dare in ga fitilun masu aiki sun haske sama, unguwannin da ke kewaye kuwa duhu ƙirin.

Game da farfaganda, i, Amurka ta yi amfani da wannan wahala don biyan bukatarta, gidan rediyon da take ɗaukar nauyi shi mutane ke saurare a ɓoye. Kada kuma ka manta bankunan Yamma da suka ba da bashin sun karɓi kuɗinsu cif, sun kuwa san daga bakin wa aka ciro shi. Amma waɗanda suka fara tayarwa ba 'yan jari hujja ba ne. A ranar 15 ga Nuwamba 1987, ma'aikatan masana'antar manyan motoci ta birnin Burashob, waɗanda aka zaftare wa albashi don masana'antar ba ta cika adadin da aka yanka mata ba, suka fito titi suna neman burodi da ɗumi. Suka kutsa hedikwatar jam'iyya, suka tarar da tsiran nama da cuku da lemo da aka tanada don bikin zaɓe. An kama ɗaruruwa, aka yanke wa 61 hukunci, aka warwatsa su zuwa wasu garuruwa. Jarida ba ta ce komai ba, mu a Bukarest a raɗa muka ji.

A watan Afrilu na 1989 Caushesku ya sanar cewa an gama biyan bashin. Mutane suka zaci za a sassauta, ba a sassauta ba, kuma masana'antun da aka hana kayan gyara shekara takwas sun riga sun zama gwangwani. A tsakiyar Disamba rikici ya ɓarke a birnin Timishowara, ranar 21 taron da ya kira da kansa a Bukarest ya yi masa ihu, ranar 22 ya tsere a jirgi mai saukar ungulu, ranar 25 aka harbe shi da matarsa Elena bayan shari'ar da ba ta kai sunanta ba. Mutum sama da 1,100 suka mutu a waɗannan kwanaki. Shekarun da suka biyo baya ma ba su zo da sauƙi ba: hauhawar farashi ta cinye ajiyar tsofaffi, masana'antu suka rufe, miliyoyi suka fita ci-rani Italiya da Sifen, shi ya sa har yau za ka sami dattijon da zai ce maka gara da.

Wasiƙar farko da abokina ya aiko mini ba tare da tsoron mai buɗe ta ba ta iso a watan Fabrairu na 1990. Kakarsa ta rasu a hunturun da ya gabata, ciwon huhu ne. Ya ce a makon da gwamnatin ta faɗi an buɗe rumbunan da aka tara kayan fitarwa waje, nama da gahawa da lemo suka bayyana a kantin unguwarsu, bututun ɗakinsu kuma ya yi zafin da har sai da suka buɗe taga.